Ana Rububin Gawar Tsutsa, An Manta Da Ƙwaro Mai Rai

Kowace shekara, da zarar watan Mayu ya kama, dusar ƙanƙara ta fara narkewa a kan tudun Tibet da tsaunukan Himalaya, sai ƙauyuka su watse. Magidanta da mata da yara su ɗaure kayan abinci da tantuna a bayan dabbobi, ko a kan babura, su hau can ƙololuwa inda bishiya ba ta tsirowa, sai gajeriyar ciyawa. A wasu gundumomi har makarantu akan rufe, domin idon yaro ya fi na babba kaifi a wannan aiki. Za su yi wata guda ko fiye suna rarrafe da gwiwa cikin sanyi, suna dudduba ƙasa, suna neman wani ɗan tsinke baƙi wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Idan aka tono tsinken a hankali, sai a tarar yana manne a kan wata busasshiyar tsutsa. Wannan gawar tsutsa ita ce ake rububi, kuma a shekarar 2017 mai kyawunta an sayar da ita a birnin Beijin a kan fiye da dala 140,000 kowane kilo, wato ninki uku na kuɗin zinariya a lokacin.

A watan Yuli na 2020 ƙungiyar nan ta duniya mai lissafin halittun da ke fuskantar ƙarewa, IUCN, ta sa wannan abu cikin jerin waɗanda ke cikin haɗari, ta ce ya ragu da aƙalla kashi 30 cikin 100 a shekaru 15. Tun daga lokacin ake ta muhawara a kan farashi, da haraji, da wanda ya cancanci ya tona. Amma akwai wani wanda ba a cika ambatonsa a cikin muhawarar ba, shi ne ƙwaron da ya haifi tsutsar. Ba mai sayensa, ba mai ƙidaya shi, yawancin masu cin arzikinsa ma ba su taɓa ganinsa yana tashi ba. Alhali kuwa duk dukiyar nan a wuyansa ta rataya. Wannan shi ne abin da muke so mu duba tare da masu karatu a wannan mako.

Wane ƙwaro ne wannan?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da fitila da dare ya san faɗa-wuta, ƙwaron nan mai kama da malam-buɗe-littafi wanda ke kewaya haske har ya ƙone. To, wanda muke magana a kansa ɗan dangin nan ne, sai dai shi mazaunin tudu ne. Masana suna kiran zuriyarsa Thitarodes, Turawa kuma suna yi wa danginsa laƙabi da ƙwarin fatalwa, saboda yadda mazan wasunsu kan yi shawagi wuri guda da almuru. An lissafa iri fiye da 50 na wannan dangi waɗanda tsutsarsu kan zama abin da ake tonowa. Da yawa daga cikinsu a wani yanki guda ko wasu 'yan tsaunuka kaɗai ake samunsu a duk faɗin duniya.

Mazauninsa filayen ciyawa ne masu tsayin mita 3,000 zuwa 5,000 daga gaɓar teku. Don mai karatu ya gane irin tsayin, garin Jos yana kan mita 1,200 ne da 'yan kai, dutsen Chappal Waddi kuwa na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsayi a Nijeriya, bai wuce mita 2,419 ba. Ke nan inda dutsenmu mafi tsayi ya ƙare, ba a ma kai inda wannan ƙwaro ke fara zama ba.

Rayuwarsa abin mamaki ce. Babban ƙwaron ba shi da bakin cin abinci, saboda haka kwanaki kaɗan yake yi a duniya. Yakan fito da almuru a tsakiyar damina, namiji ya sadu da mace, macen ta watsa ƙwai a cikin ciyawa, shi ke nan su mutu. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta nutse cikin ƙasa, ta yi wa kanta rami, tana cin saiwoyin tsirrai. A nan za ta zauna shekara uku, huɗu, har biyar, tana girma sannu a hankali, idan hunturu ya yi tsanani ta ƙara yin ƙasa. Sai bayan waɗannan shekaru ne za ta rikiɗe ta zama ƙwaro mai fukafukai. A lura da wannan, domin shi ne tushen zancen: abin da aka tono bana, shekarun baya aka yi ƙwansa, kuma ɓarnar da aka yi wa filin bana ba za a ga sakamakonta ba sai bayan wasu shekaru.

Yadda tsutsa ke zama ciyawa

A cikin ƙasar nan akwai wata irin funfuna, dangin naman kaza, wadda masana ke kira Ophiocordyceps sinensis. Ƙwayoyin irinta ƙanana ne kamar ƙura. Idan suka shiga jikin tsutsar, sai su zauna shiru na tsawon lokaci, daga baya su yaɗu su cinye cikinta kaf, fatar kawai za su bari. Kafin ta mutu, tsutsar takan hauro kusa da saman ƙasa, kanta yana kallon sama. Da bazara sai wani tsinke ya fito daga kanta, ya huda ƙasa ya leƙo. Idan aka bar shi ya nuna, kansa zai kumbura, ya saki sababbin ƙwayoyin iri, iska ta kwashe su, su faɗa ƙasa su jira wata tsutsar.

Mutanen Tibet suna kiran abin yartsa gunbu, ma'ana ciyawar bazara, tsutsar hunturu. Sinawa ma haka sunansu yake nufi. A Nepal ana cewa yarsagumba, a arewacin Indiya kuma kira jari. Ba kowace tsutsa funfunar ke kamawa ba. Waɗanda suka tsira su ne ke zama ƙwari su yi ƙwai. Ashe kuwa abubuwa uku ne dole su haɗu kafin a sami abin sayarwa: ƙwaro mai rai da zai yi ƙwai, funfuna da aka bari ta zubar da iri, da filin ciyawa mai sanyi da laima wanda ba a farfasa ba. In ɗaya ya ɓace, sauran biyun ba su da amfani.

Daga maganin gargajiya zuwa kasuwar attajirai

Ba yau aka san wannan abu ba. Wani likitan gargajiya na Tibet, Zurkhar Nyamnyi Dorje, ya rubuta bayaninsa tun ƙarni na 15. Ya shiga littattafan magani na Sin a 1694, kuma wani masanin Ingila mai suna Berkeley ya ba shi sunan kimiyya a 1843. Shekaru aru-aru ana musayarsa da ganyen shayi da siliki, ana sa shi a miyar agwagwa ko kaza don ƙarin ƙarfi, da ciwon huhu, da ciwon ƙoda. Duk wannan lokaci buƙatarsa ba ta fi ƙarfin tsaunukan ba.

Abin ya canja ne bayan Sin ta buɗe kasuwanninta a shekarun 1980. A watan Satumba na 1993, a wasannin ƙasa da aka yi a Beijin, wasu 'yan mata masu tsere suka karya tarihin duniya, har ɗaya daga cikinsu, Wang Junxia, ta rage daƙiƙa 42 daga tarihin tseren mita 10,000. Mai horar da su, Ma Junren, ya ce sirrin shi ne jinin kunkuru da wannan tsutsa. Labari ya zagaya duniya. Abin da mutane da yawa ba su bi diddigi ba shi ne, a shekarar 2000 an cire shida daga cikin 'yan wasan wannan mutum daga tawagar da za ta je wasannin Olamfik na Sidni bayan gwajin jini. Amma kafin nan talla ta riga ta yi aikinta. A 2003 da annobar SARS ta ɓulla a Sin, sai aka baza jita-jitar cewa tsutsar tana kare mutum, farashi ya sake tashi. Wani mai bincike, Daniel Winkler, ya lissafa cewa tsakanin 1997 da 2008 farashin ya ƙaru da kashi 900 cikin 100.

Da tafiya ta yi tafiya, abin ya tashi daga magani ya koma kayan alfarma. Ana jera shi a akwati mai ado a kai wa manya gaisuwa, ko a miƙa shi a matsayin toshi. Shi ya sa da gwamnatin Sin ta fara yaƙi da cin hanci daga 2012, kasuwar ta ɗan yi sanyi. Game da maganin kansa, likitocin da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu ciwon ƙoda sun tarar gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma ba a tsara su yadda za a kafa hujja da su ba. A 2016 ma hukumar abinci da magunguna ta Sin ta yi gargaɗi cewa ta sami gubar asanik a cikinsa fiye da abin da doka ta yarda a kayan gina jiki, wanda kuma ya daɗe yana ci zai iya cutuwa. Duk da haka masu saye ba su daina ba.

Abin da talakan tudu ya samu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ciniki sharri ne zalla. Mutanen da ke zaune a waɗannan tuddai makiyaya ne masu kiwon tumaki da wasu shanu masu gashi da ake kira yak, wasu kuma suna ɗan noman sha'ir da dankali. Wuri ne da kuɗi ke wuyar samu. Winkler ya ƙiyasta cewa a 2004 wannan tsutsa ita ce ta kawo kashi 40 cikin 100 na tsabar kuɗin da ke shiga hannun mutanen karkara a yankin Tibet. A gundumar Dolpa ta Nepal, bincike ya nuna ta kawo fiye da rabin kuɗin shigar gidajen masu tonon. Da kuɗin nan aka yi rufin kwano, aka sayi babura da fitilun hasken rana, aka biya kuɗin makaranta da na asibiti, aka biya bashi. Babu wani shirin gwamnati ko na ƙungiyar agaji da ya sa kuɗi kai tsaye a hannun waɗannan talakawa kamar yadda wannan tsutsa ta yi.

Ga kuma ɗaya gefen. Gidan da ke samun kuɗin shekara a wata guda yakan rage garke, ya saki gona, ya dogara ga abincin kasuwa. Yaro ya rasa karatu a lokacin da ake shirin jarrabawa. Mutane suna mutuwa saboda ciwon hawan tudu, da sanyi, da zamewa daga kan dutse. Kaso mafi tsoka kuma ba ya tsayawa a hannun mai rarrafe. Daga shi sai ɗan kasuwar ƙauye, sai dillalin gari, sai babban dillali a biranen Xining ko Lasa ko Katmandu, sannan kantin birni. Kowane hannu yana ɗora ribarsa.

Jinin da ya zuba

Inda kuɗi ya yi yawa kuma iyaka ba ta fito fili ba, rigima ba ta nisa. A lokacin yaƙin basasar Nepal, daga 1996 zuwa 2006, 'yan tawaye masu aƙidar Mao sun riƙa karɓar haraji daga masu tonon a yankunan da ke hannunsu. Gwamnatin Nepal kanta sai a 2001 ta ɗage haramcin da ta sa wa cinikin, ta fara karɓar nata kason.

Ɗaya daga cikin mafiya munin abubuwan da suka faru shi ne na ƙauyen Nar, a gundumar Manang. A watan Yuni na 2009 wasu mutum bakwai daga gundumar Gorkha suka hau filin da mutanen Nar ke ɗauka nasu ne. Mazan ƙauyen suka far musu, suka kashe su duka, suka jefa gawarwakin a kwazazzabo. A watan Nuwamba na 2011 kotu ta sami mutum 19 da laifi, shida aka yanke musu ɗaurin rai da rai, saura shekara bibbiyu. Waɗanda aka kashe talakawa ne, waɗanda suka yi kisan ma talakawa ne. A watan Yuni na 2014 kuma, a Dho Tarap cikin gundumar Dolpa, aka yi arangama tsakanin 'yan sanda da mutanen gari a kan wanda ke da ikon karɓar kuɗin shiga fili, mutum biyu suka rasa rayukansu. A ɓangaren Sin ma an sha yin faɗa tsakanin ƙauyuka da gundumomi a kan iyakar filaye.

Dattawan wasu yankunan suna cewa tun asali iyayensu sun hana tonon, domin a addininsu na Buda kashe halitta da farfasa ƙasar tsauni laifi ne. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Bahaushe, amma adalci ne a tuna cewa wanda ke rarrafe a kan dutse ba shi ne ya ƙirƙiro kwaɗayin ba. Yunwa ce ta kai shi, farashin kuma a birni aka yanka shi.

Me ya sa yake raguwa?

Masu tonon da kansu ne suka fara ba da shaida. Masu bincike biyu, Uttam Babu Shrestha da Kamaljit Bawa, sun bi diddigin abin a Dolpa, suka tarar a 2006 mutum guda yakan samu kimanin guda 261 a kaka ɗaya, amma zuwa 2010 abin ya faɗi zuwa kimanin 126. Wani ɓangare na wannan faɗuwa yawan masu tonon ne ya jawo, domin idan hannu ya yi yawa a akushi, loma takan ƙanƙance. Amma ba shi ke nan ba.

Dalili na farko shi ne cinye iri. Kasuwa ta fi son tsutsar da aka tono da wuri, tana cike, jikinta da tauri, tsinkenta gajere. Idan aka bari tsinken ya nuna ya zubar da iri, tsutsar takan yi laushi, ta motse, darajarta ta faɗi. Saboda haka kowa yana gaggawar tonowa kafin ta nuna, kuma binciken Dolpa ya tabbatar cewa mafi yawan abin da ake kwasowa bai kai ga zubar da iri ba. Duk manomi ya san makomar wanda ya daka irin shukarsa ya yi tuwo da shi. Bana zai ƙoshi, baɗi kuwa sai ya yi bara.

Dalili na biyu shi ne lalacewar gidan ƙwaron. Ana tonon ne da ƙaramar fartanya, kuma kowane tono yana ɗaga ɓawon ciyawa. A wuri mai sanyi irin wannan, ciyawar da aka ɓanɓare takan ɗauki shekaru kafin ta haɗe. Idan ba a mayar da ɓawon an danne ba, iska da ruwa su kwashe ƙasar. Dubban mutane suna kafa sansani a fili guda, suna tattake ƙasa, suna sare 'yan kurmin da ke wurin don girki da jin ɗumi, suna barin leda da gwangwani. A ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa akwai 'yan tsutsotsin da ba su kamu ba, waɗanda su ne za su zama ƙwarin gobe, kuma saiwar ciyawar nan ita ce abincinsu.

Dalili na uku ya fi ƙarfin mutanen tudun. A 2018 Kelly Hopping da abokan aikinta suka wallafa bincike wanda ya haɗa shaidar masu tonon da bayanan yanayi. Sun gano cewa abin ya fi yawa a wurare masu tsayi da tsananin sanyi, kusa da inda ƙasa ke daskare rani da damina, kuma hunturun waɗannan wurare yana ta ƙara ɗumi tun ƙarshen shekarun 1970. Halittar da ke son sanyi, idan ƙasa ta yi ɗumi sai ta ƙara hawa sama. To, dutse yana da ƙarshe. Ƙwaron da macensa ba ta iya tafiya mai nisa, wanda kuma zuriya guda ke ɗaukar shekara huɗu ko biyar, ba zai iya tsere da sauyin yanayi ba.

Akwai kuma abin da ya wuce batun tsutsa. Yankunan Yushu da Golog na lardin Qinghai, waɗanda suna cikin wuraren da aka fi tonon, nan ne mafarin manyan koguna uku: Yangtze, da Rawayan Kogi, da Mekong. Ciyawar tudun ita ce ke riƙe ruwa kamar soso tana sakinsa a hankali. Ɗaruruwan miliyoyin mutane a ƙasa suna sha daga waɗannan koguna, ko da ba su taɓa jin sunan ƙwaron ba.

Inda aka yi dabara

Sin, wadda ke samar da fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake tonowa a duniya, ta sa shi cikin halittun da doka ke karewa tun 1999, kuma gundumomi suna ba da takardar izini, suna hana baƙi shiga. Amma takardar izini kuɗi take tarawa. Ba ta hana tonon ɗanye, ba ta kuma mayar da ɓawon ciyawa.

Ƙasar Butan ta bi wata hanya. Ta halatta tonon a 2004, amma ga mazauna tudun kaɗai, da ƙayyadadden adadin mutane daga kowane gida, cikin wata guda a shekara, sannan a sayar a gwanjon da hukuma ke sa wa ido, domin mai tono ya ga farashi da idonsa, dillali kada ya cuce shi a ɓoye.

Misalin da ya fi jan hankali shi ne na kwarin Nubri da Tsum a arewacin Gorkha, wanda masu bincike Geoff Childs da Namgyal Choedup suka bayyana a 2014. A can ƙauyukan ne da kansu suka kafa doka. Filin na 'yan gari ne, baƙo ba ya tono. Shugabanni su ne ke sa ranar farawa, kuma kafin ranar kowane mai lafiya sai ya riƙa bayyana a wurin kiran suna sau da dama a yini, don kada wani ya sulale ya riga saura. Kowane mai tono yana yin rajista ya biya ɗan kuɗi a asusun gari, a yi aikin gayya da shi. Wasu gangaren tsaunuka kuma malaman addininsu sun keɓe su, ba mai taɓawa. Ko da ba don kimiyya aka keɓe su ba, sun zama rumbun iri, inda funfuna ke nuna ta zubar, ƙwaro kuma ya yi ƙwai ba tare da an tattake shi ba.

Abin lura a nan shi ne, mutum ba ya barin abu ya nuna sai in ya tabbata wani ba zai zo bayansa ya ɗauke ba. Inda fili ya zama na kowa da kowa, mai haƙuri shi ne ke tashi a tutar babu. Inda kuwa jama'a suka san filin nasu ne, da su da 'ya'yansu, kuma doka ta hau kan kowa daidai, haƙuri yakan zama riba.

Wasu suna ganin kiwon gida ne zai kawo ƙarshen matsalar. Wani kamfanin magunguna na Sin, Sunshine Lake Pharma, ya yi nasarar kiwon ƙwaron a ɗakuna masu sanyi, yana sa wa tsutsar funfuna da hannu, har aka ba da rahoton ya samar da tan 10 a 2016. Wannan zai iya rage wa tsaunuka nauyi. Sai dai attajirai da yawa sun fi son na daji, kuma in har na kamfani ya karya farashi, makiyayin da ya riga ya sayar da garkensa shi ne zai fara ji a jikinsa. Kuɗin da ke hawa tudu zai koma aljihun masu masana'anta.

Abin da ya shafe mu

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwanmu da tsutsar Tibet? Amsa ita ce, kasuwar da ta hau tudun Tibet ta riga ta iso ƙofar gidanmu. Buƙatar wani maganin gargajiya na Sin mai suna ejiao, wanda ake dafawa daga fatar jaki, ita ce ta sa jakuna suka yi tsada suka yi ƙaranci a kasuwannin Arewa, har Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka kuma a watan Fabrairu na 2024 ta amince da hana yanka jaki don fatarsa a duk nahiyar. Buƙatar katakon alfarma ita ce ta sa aka yi wa itacen madobiya ɗaukar ɗaki a dazuzzukan Taraba da maƙwabtanta, har yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018. Salon duk ɗaya ne. Farashi ya tashi a wata ƙasa mai nisa, dillalai su shigo da tsabar kuɗi, talaka ya ga abin da bai taɓa gani ba, a kwashe cikin 'yan shekaru abin da ya ɗauki shekaru yana girma. Jaka takan yi wata goma sha biyu da ciki ta haifi ɗa guda. Madobiya takan yi shekaru da dama kafin ta isa sara. Tsutsar tudu takan yi shekara huɗu a ƙasa. Kasuwa kuwa ba ta san jira ba.

Saboda haka idan wani baƙon ciniki ya shigo gari, aka ce ga wani abu na daji ko na gida da ake saye da tsada, akwai tambayoyin da ya kamata masu unguwanni da dattawa da ƙungiyoyin manoma da na mata su yi tun kafin motar farko ta yi lodi. Shekara nawa abin nan yake ɗauka kafin ya maye gurbin kansa? Mene ne irinsa, kuma wa zai tsare shi? Wane yanki za a keɓe kada a taɓa? Wa ke da ikon ɗiba, a wane lokaci, kuma nawa? Kason gari fa, a hannun wa zai zauna, wa zai duba lissafinsa? Mutanen Nubri da Tsum ba su da jami'a, ba su da ma'aikatar gandun daji a kusa, amma sun yi waɗannan tambayoyi sun kuma amsa su. Mutanen da ba su yi ba, wasu suna kurkuku, wasu suna kabari, wasu kuma suna rarrafe yini guda su tashi da guda biyu ko uku.

Har yanzu ba a makara ba a kan tudun Tibet. Ƙwaron yana nan, yana fitowa da almuru a damina, ya yi 'yan kwanakinsa ba ci ba sha, ya watsa ƙwai ya mutu. Abin da yake bukata bai taka kara ya karya ba: a bar wani kaso na tsinken ya nuna, a rufe tono kafin lokacin tashinsa, a mayar da ɓawon ciyawa inda aka ɗaga, a keɓe wasu gangare, a kuma bar ikon fili a hannun waɗanda za su gaje shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanninmu da mu kanmu hankalin barin iri.